Mako Uku Ina Roƙon Allah a Kan Gyambon Ciki

Fagge, Litinin

Yaya Hamzat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Nana Fatima da yara. Yaya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi. Ni ma ga ni da sauran numfashina, ko da yake na ga alamar ba kowa ne ya san haka ba.

Na rubuto ne don in na kira ka a waya, bakina zai faɗi abin da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta.

Mako uku ke nan da ka karɓo min sakamakon hoton asibiti, ka ce gyambon ciki ne, in rage yaji. Na rage. Tun daga ranar gidana ya koma kamar gidan suna. Gwaggo Zinariya, da ta shekara shida ba ta tako Fagge ba, ta zo ta riƙe hannuna tana kuka, wai mu yafi juna. Matan layinmu ma haka, ɗaya bayan ɗaya. Haba Yaya! Wa ake neman yafiyarsa saboda gyambon ciki?

Ka tuna Obiageli, mai busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari, wadda muka yi jinya gado kusa da gado lokacin da aka cire min nono? Ita ta kira ni tana faɗa. Ta je a duba ta ranar Alhamis, ta ji nas tana ta ƙwala kiran sunana, shiru. Yau ta rufe rumfarta ta raka ni. Likita ya ce ciwon dajin ya dawo, yana hanta, kuma ya gaya maka lallai in fara magani a wancan makon.

Kowa ya sani, har mai kai mana ruwa. Ni mai hantar ce kaɗai ban sani ba. Raina ya ɓaci, Yaya, ya ɓaci ƙwarai.

Ƙanwarka,
Ummakulsum

Fagge, Laraba

Yaya Hamzat,

Sallama da gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Anti ta kawo saƙonka, tare da lemo da kankana. Na gode, na sha.

Ta ce tausayina ka ji. Wai ka ga wahalar da na sha a karon farko, da amai da zubewar gashi, ka ga gara a bar ni in huta, a bar wa Allah. Ta ce haka aka yi wa Inna, har ta rasu ba a gaya mata ba.

To ni ba Inna ba ce. Kuma wa ya tambayi Inna ko haka take so?

Ni za a koya wa tawakkali? Wancan karon ana ɗura min ruwan magani a jijiya, carbina yana ɗaya hannun. Rubutun da Malam Abdurra'uf ya aiko na sha, ƙwayar likita ma na haɗiya, ban ga sun yi faɗa a cikina ba. Obiageli da littafin addu'arta, ni da nawa, babu wadda ta ce barin magani shi ne imani.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan: mako uku ina sa goshina a ƙasa ina roƙon Allah ya yaye min gyambon ciki. Na san ya san abin da ke jikina, ai shi ya halicce ni. Amma addu'ata ce, Yaya. Ita kaɗai ciwon nan bai taɓa ba, sai kai ka sa mata hannu.

'Yata Raudha saura izu huɗu ta sauke Alƙur'ani. Ubanta, Allah ya ji ƙansa, bai ga wannan rana ba, ni ina so in gani. In Allah bai nufa ba, na karɓa hannu biyu. Amma shi zai yanke, ba kai ba daga rumfarka a Kantin Kwari.

Gobe zan fara.

Ƙanwarka,
Ummakulsum

Fagge, Asabar

Yaya Hamzat,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. An yi min na farko. Jikin babu daɗi, ko ƙamshin girki ba na so, amma alhamdu lillahi.

Na ce wa likita ya gaya min gaskiya a idona, ya kuwa gaya min. Bai yi min alkawarin warkewa ba. Ya ce makonnin nan uku da sun yi mana amfani. Na yi kuka a Adaidaita Sahu tun daga asibiti har gida, daga baya na yi alwala na kira ciwon da sunansa a sujada. Wallahi sai na ji sauƙi a raina.

Mai gadin asibitin ya ce wani mai farin gemu ya daɗe tsaye a bakin ƙofa yana tambayata, bai shigo ba. Na san kai ne.

Alhamis ta sama akwai gwajin jini, ƙarfe takwas na safe. Ka zo ka ɗauke ni, ka zauna kusa da ni, likita ya yi magana mu ji tare. Duk dangi sun zo neman yafiya ba su yi min komai ba. Kai da ka yi, kai kaɗai ne ba ka zo ba. Yafiyarka tana nan na ajiye maka, amma ba zan ba Anti ta kawo ba. Kuma kada ka yi jinkiri, ka fi kowa sanin dalili.

Ƙanwarka mai ƙaunarka duk da haka,
Ummakulsum