Har Yanzu Kana Gaishe da Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu ma lafiya, sai ƙafar Mama da ke tashi jefi-jefi.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Ka tuna ranar da na zo ofishinku kana nuna mini abin da ka kira makro? Ka danna maɓalli biyu, sai ga sakin layi sukutum ya fito a kwamfuta, kana ta alfahari wai wasiƙa arba'in kake bugawa kafin a tashi. Har yaba maka na yi. Ashe har mu ka cusa a ciki.

Wasiƙunka uku na baya duk farkonsu ɗaya, har kuskuren harafin iri ɗaya ne. Kowacce tana cewa, "Yaya Baba da ciwon baya? A ce ya riƙa shan magani." Yaya, wata biyar ke nan da rasuwar Baba. Da hannunka aka saka shi a kabari.

Tun da idon Mama ya yi rauni ni ke karanta mata, kuma tsallake layin nake yi don in rufa maka asiri. Ran Talata ina wurin aiki wasiƙarka ta ƙarshe ta iso, sai Mama ta kai wa maƙwabciyarmu. Baiwar Allah ta karanta tiryan-tiryan, sai da maganar ta fita sannan ta ankara. Na dawo na tarar da Mama a bakin gado, abincin rana a rufe ko taɓawa ba ta yi ba. Tambayata ta yi ko aiki ne ya taɓa maka kai. Dole na yi mata bayanin maɓallan. Sai ta ce, "Ashe inji ne ke gaishe ni."

Kada ka ƙara aiko mana da bugun kwamfuta. Ba zan karanta ba.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin ƙaramar taku ya sauka.

Wasiƙarka ta hannu ta iso, layi tara, da kyar na gane rubutun. Ka ce sau biyu ka buɗe makron don ka goge layin Baba, hannunka ya ƙi. Na yarda. Amma kai ka kasa gogewa, mu ka bari da karantawa, kuma ko sau ɗaya ba ka duba abin da ka aiko ba. Wannan uzurin bai gamsar da ni ba.

Mama kam ta sa na maimaita mata sau uku. Ta karɓi takardar tana shafa bayanta, inda biro ya dannu, ta ce wannan kai ne. Ta ce in faɗa maka ka bar layin a injin in ba za ka iya cirewa ba, amma ka zo.

Ni ban huce ba tukuna. Ran Asabar ina gida, ka zo mu yi ta ido da ido.

A gaida Anti.

Auta