Ƙuguna da Babur ɗin Rasmane

Litinin, 14 ga Oktoba

"Kafin a koma makaranta babur ɗinki zai dawo, Rakiyeta, ko da a ka zan ɗauko shi." Haka mijina Rasmane ya faɗa da bakinsa tun damina, ranar da yayansa Nowaga ya zo daga ƙauye, ya ga babur ɗina a tsakar gida, ya ce ya yi masa. An koma makaranta, ɗalibai har sun fara satar amsa. Babur yana can bayan Kombisiri yana kai dankali kasuwa.

Wai ba a hana babban wa abu. To ka ba shi naka mana! A'a, nasa "ya yi wa Yaya tsawo". Ni ce bai yi wa tsawo ba, ni da da kyar nake kai masa kafaɗa. Nawa na mata ne, babu tanki a tsakiya, ki zura ƙafa ki zauna kamar a falo. Nasa kuwa, wanda nake hawa yanzu, raƙumi ne. Shi shagonsa na bakin layi, da ƙafa yake zuwa. Ni ce mai ratsa Wagadugu kullum in ƙetare madatsar ruwa zuwa Tangen.

Yau da na sauka a makaranta sai da na dafa bango. Ƙuguna kamar an kafa ƙusa.

Laraba, 16 ga Oktoba

Alli ya faɗi a aji. Na tsaya ina kallonsa, na kasa sunkuyawa. Sauran darasin da baki na yi shi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Abin da ban faɗa wa kowa ba: haka na yayata Aseta ya fara. Ciwon baya, ciwon baya, ana ta shafa mata man kaɗanya, ashe ƙoda ce. Shekara ba ta zagayo ba muka binne ta.

Na sauko da littattafan lafiyar da ke saman kabad. Karatu ma wani lokacin jarraba ne, duk alamar da na karanta sai in ji ta a jikina. Da safe ina danna ƙafafuna in ga ko sun kumbura. 'Yata Awa ko jami'a ba ta gama ba.

Rasmane ya ga ina tashi da dafa gwiwa, ya ce, "Tsufa ne, Madam." Na ce tsufa da ya shigo gidan nan ai kai ya fara gaisarwa. Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Asibiti, ni kaɗai. Jini, fitsari, hoto. Sun ce in dawo jibi.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ƙoda lafiya lau! Duka biyun. Bari in sake rubutawa in gani da idona: ba ƙoda ba ce.

An tura ni wurin likitan ƙashi, wani Pare. Yana ganin sunan gidanmu a kati ya washe baki, na san na faɗa hannun Basamo, ɗan ƙabilar abokan wasanmu. Mu Mosi da su sai wasa, ko a gaban gawa ne.

"Baiwata ce ashe! Shigo ki gaida ubangijinki."

"Yaushe aka fara ba bayi farar riga?" na ce. "Duba ni ka sallame ni, ina da aji."

Ya danna nan, ya danna can, na yi ƙara. Ya tambayi abin da nake hawa. Da na faɗa, sai ya ce mu fita waje in hau ya gani. A gaban mai gadi da masu jinya! Na hau yadda na saba. Saboda tankin nan, idan na matsa gaba zani buɗewa yake, don haka sai in ja baya can wajen zaman fasinja, in cusa bakin zanin ƙarƙashin cinya, in shimfiɗa wani a kai, sannan in miƙe hannuwa in kamo kan babur. Jakar littattafan yara kuma a kafaɗa ɗaya.

Ya riƙe ciki don dariya. "Ku zo ku ga Bamosiya ta sunkuya! Ku da kowannenku ɗan sarki ne. Kin lanƙwashe kamar baka, baiwata. Duk ramin da kika faɗa, ƙugun nan ne ke karɓar dukan."

"To sai ka ce in yi yaya, in tafi makaranta tsirara?"

"Sa wando."

"Ban sa ina budurwa ba, sai yanzu don in faranta wa Basamo?"

Ya daina dariya ya yi magana ta hankali. In bar tuƙi tukuna. In riƙa tafiya da ƙafa, in gasa wurin da ruwan ɗumi, in kwanta a tabarma in jawo gwiwoyi zuwa ƙirji. In na warke, babur daidai tsawona, baya a miƙe, jaka a ɗaure a bayan kujera.

A bakin ƙofa na sayi zomkom mai sanyi, ruwan geron nan mai citta. Ina sha sai hawaye. Mai sayarwar ta ce, "Haƙuri, Yaya, rasuwa aka yi?" Na ce a'a, citta ce ta yi yawa.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na shirya wa Rasmane jawabi tun a hanya, mai sassa uku kamar darasi. Ban kai ƙarshen na farko ba ya katse ni.

"Gwajin ƙoda? Kika je ke kaɗai?"

Na ce da wa zan je, da dankalin Yaya?

Ya ture kwanon wake da shinkafarsa, ya zauna yana kallon ƙasa. Shi ya ɗauki makarar Aseta ta gaba, na manta. Can ya ce, "Daga Litinin ni zan riƙa kai ki."

Sauran sassa biyun suna nan, ban yafe ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Yana tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai. Kowane rami sai ya ce, "Riƙe, Madam." Matan da ke sayar da kifi a bakin madatsa sun yi mana guɗa, wai amarya da ango. Marasa aikin yi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Yau na ɗaura ɗankwali, ya faɗi, na sunkuya na ɗauka kafin in tuna ina da ciwo.

Rasmane ya kira Yaya Nowaga a gabana. Ya ce masa a dawo da babur ɗina. Yaya ya ce dankali bai ƙare ba, kuma tun yaushe mace ke aiko ƙani wurin wansa. Na karɓi wayar na gaishe shi da ladabi, na tambayi gona da iyali, na ce ina jiran babur ɗina Juma'a mai zuwa.

A hanyar makaranta Rasmane surutu yake, iska na kwashe rabi. Jiya labarin wani tela yake ba ni, har muka iso bai ƙare ba, na ji haushin isowar. Rabon da mu yi hira mai tsawo haka, ban ma tuna ba. Ba wani abu ba ne, zaman baya ne ba abin yi.

Juma'a dai. Idan aka sauko daga masallaci babu babur a tsakar gidan nan, Asabar da sassafe zan shiga motar Kombisiri da goro a jaka. In durƙusa in gaida Yaya yadda matar ƙani ke yi, in roƙi makullina a gaban mutanen gidansa, a ɗora min babur ɗin a saman mota. In kawo shi in wanke, in jingine a gindin mangwaro.

Litinin kuma Rasmane ya kai ni. Likita bai ce in yi gaggawa ba.