Kan Ragon da Ke Gabanka

Ɗana Sadisu,

Bayan gaisuwa, ya sanyin Iceland, ya karatu, ya jikinka? Mu nan Kura lafiya lau, Babanka yana ta ban ruwan tumatir.

Ƙanwarka ta nuna mini hotonka a bikin tsakiyar hunturun mutanen can, ga babbakakken kan rago a gabanka. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Wa ya yanka ragon nan? Na ɓoye wa Babanka hoton, don na san abin da zai fara tambaya ke nan.

Ka gaya mini gaskiya, kara ka yi musu, ko yunwa ce ta kai ka? In yunwa ce, kilishi zan aiko.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mai masaukinka.

Mahaifiyarka