Addu'a Uku a Yini

Gummi, 4 ga Maris

Yaya Abdulwahabu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya karatu, ya zafin Sakkwato? Inna tana gaishe ka.

Wasan labarin da ka bar mini bai mutu ba. Kowace Asabar bayan la'asar muna shimfiɗa tabarma, ni ke ba da labari, ƙawayena na shiga cikinsa, Hure jaruma, Uwani maharbiya, ɗan lido yana raba gardama. Abin da zai ba ka mamaki, Yaya Salamatu ta zauna da mu. Ka san tun da gubar dalma ta ɗauke mata ɗanta Khalifa a Tungar Daji ko sunansa ba ta ambata, magana ma sai dole. Ta zaɓi zama mai addu'a, wadda ke warkar da masu rauni.

Sai na yi ɓarna. Ban yi tunani ba, na sa wani yaro ya mutu cikin labarin. Ta ce za ta tashe shi, ai littafinka na dokokin wasan ya yarda. Na hana. Ta ajiye ɗan lido ta shige ɗaki, Asabar biyu ke nan ba ta dawo tabarma ba.

Na san za ka ce in bi littafi. Ba zan bi ba. Tada matacce na Allah ne, kuma ba zan ba ta abu a tabarma ta koma ɗaki ta tarar babu shi ba. Amma ko ta yaya sai na dawo da ita.

Ƙanwarka,
Hamida

Gummi, 19 ga Maris

Yaya Abdulwahabu,

Bayan gaisuwa, amsarka ta iso, har da cewa kaina ya fi dutsen niƙa tauri. Na ji, na gode.

Na rubuta dokarmu a bangon littafin. Mai addu'a tana da addu'a uku a yini. Ba ta tada matacce. Amma in ta ambaci sunan wanda ta rasa, za ta ga inda cuta ta ɓuya, a rijiya ko a ƙasa, ba sai an jefa ɗan lido ba. Na karanta da ƙarfi a ƙofar ɗakin Yaya Salamatu, kamar da Hure nake.

Jiya ta fito. A labarin, yara bakwai ne kwance a wani ƙauye, an rasa dalili. Hure ta miƙa mata ɗan lido, ta ture shi. Inna ta daina tsintar shinkafa. Sannan Yaya Salamatu ta buɗe baki ta ce Khalifa.

Na faɗa mata inda gubar take. Duk bakwai ɗin sun warke, kuma ko kai ka zo da littafinka ba ka isa ka canza wannan ba.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Hamida