Injin Hagu da Sa Hannunka

Mandawari, Kano
12 ga Mayu, 1999

Zuwa ga ɗana Maharazu,

Kada ka kuskura ka ninke takardar nan ka cusa a aljihun kayan aiki kafin ka kai ƙarshenta. Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Zubaida da jaririya, Allah ya raya ta. Mu nan alhamdu lillahi, in dai ana ce wa mutum ɗaya "mu". Tun da ƙanwarka Hassana ta tare, kwano ɗaya nake wankewa.

Jafaru maƙwabcinmu ya dawo daga Legas da labarin tsohon jirgin nan mai inji biyu da kake gyarawa. Ya ce injin hagu yana ɗaukar zafi, ka faɗaɗa masa bakin shan iska, ka sake farantan da ke kora iska a jikinsa. Ya ce mai jirgin zai kwashi sababbin 'yan majalisa zuwa Abuja bikin rantsuwa, wai babu lokacin tashin gwaji, ka sa hannu kawai. Kai kuma ka ce za ka yi tunani.

Tunanin me? Ban karanci jirgi ba, amma sakandaren da na yi ta ishe ni sanin cewa injin da aka kunna a inuwar rumfa daban yake da wanda zai ɗaga mutum takwas da rana tsaka. Marigayi mahaifinka ya shekara ashirin yana gyaran lagireto a Ƙofar Mazugal. Bai taɓa miƙa makulli ba sai ya tuƙa motar zuwa Bichi ya dawo, ko da mai ita yana zaginsa.

Kada ka ɗauka da sauƙi nake faɗa. Na san mai gyara ne ke zama kusa da matuƙi ranar gwaji. Duk jirgin da ya ratsa saman gidan nan, ajiye tsintsiya nake yi in saurara har ƙararsa ta ɓace, kuma babu wanda zan juya in ce wa, "Ka ji?"

Gwaggo 'Yardada tana gaishe ka, haka ma Kawu Mamman. Ka gaida Zubaida.

Ga dokar gidan nan daga yau: wanda ya sa hannu a kan abin da bai gwada ba, ba zai wuce zaure ba. Ko dai a tashi jirgin kana ciki, ko ka ajiye biro. In sun kore ka, ka taho. Ɗakinka a share yake tun bara.

Mahaifiyarka,
Jummai