Takardar da Na Manna a Firij

Litinin, 21 ga Nuwamba
Kai mai leƙen abin da ba naka ba, rufe littafin nan. Delphine, idan ke ce, na san yadda na ajiye shi, kuma zan gane.

Yau jiha ta fitar da sakamakon makarantun New Orleans, kowace da harafinta, A ta fi kowa, F ce ta ƙarshe. Na manna takardar a firij. Makarantar kan kwanarmu, inda Delphine take tun tana shekara biyar, C. Bara ma C. Ta ƙetaren kogi, A. Duk kyauta ne, to don me 'yata za ta ruɓe a C? Uwar da ba ta duba sakamako ita ta yarda ɗanta ya lalace.

Lahadi, 15 ga Janairu
Bayan coci na cike takardar ƙuri'ar makarantu. Ta ƙetaren kogi na sa a farko. Ƙanwata Yvette, tana cin kazata, ta ce, "Yaya, kin san idan ta ci can kujerarta ta nan ta tafi? Ba a riƙe wa yaro biyu." Na ce na iya karatu. Ta ce, "Daga A zuwa F kam kin haddace." 'Ya'yanta uku a makarantar D suke, amma ga baki.

Talata, 4 ga Afrilu
Delphine ta ci ƙuri'ar. Na gode wa Ubangiji. Ita kuwa sai kuka, wai malamar ajinsu, Malama Aucoin, ce kaɗai take jiranta idan ta maƙale a kalma. Na ce mata duniya ba za ta jira ta ba.

Alhamis, 10 ga Agusta
Motar makaranta ƙarfe shida saura kwata. A can kan layin fenti yara suke tafiya, ba magana, riga cikin siket. Wannan ita ce tarbiyya.

Laraba, 18 ga Oktoba
Sau huɗu an tsare ta bayan tashi a watan nan. Safa ba kalarta ba, waiwaye, rashin gama shafi kan lokaci. Na ƙara mata da nawa a gida. Ba na bin bayan yaro a kan malami, uwata ba ta yi mini ba.

Ta daina waƙa idan tana wanke-wanke. Girma ne.

Juma'a, 23 ga Fabrairu
An kira ni makarantar. Mataimakiyar shugaba, yarinya ce da na isa haihuwarta, ta ba ni ruwan gora, tana magana kamar a ɗakin majinyaci. "Madam Batiste, muna son Delphine ƙwarai. Sai dai karatunta a hankali yake, ko akwai inda zai fi dacewa da ita." Takardar cire yaro tana kan tebur, an riga an buga sunanta. Hannuna kawai ake jira.

A bencin waje iyaye mata huɗu, kowace da gorarta. Ɗaya ta dube ni ta ce, "'Yar'uwa, ke ma an ba ki ruwa? Duk shekara kafin jarrabawar jiha ake rabonsa."

Jarrabawar a Afrilu take. Ashe haka ake dafa A ɗin. A tsince masu nauyin karatu tukuna, sannan a ƙirga.

Ban sa hannu ba.

Litinin, 4 ga Maris
Dakatarwa ta kwana uku, karo na biyu cikin kwana goma. Wai ta yi tsaki.

Ta tsaya gaban firij ta ce, "Mama, ki sa hannun kawai. Ni ce nake ɓata musu harafinsu." Ba kuka. Da ma ta yi kukan.

Laraba, 6 ga Maris
Na je makarantar kan kwana da hular coci a kaina. Babu gurbi. An ba wani kujerarta tun bara, kamar yadda wata mai baki ta faɗa.

Malama Aucoin ta tare ni a baranda. Ba gori. Ta ce, "Har yanzu tana bin layi da yatsa? Ki bar ta, ta nan take ganewa. Ki kawo mini ita laburare ran Asabar."

Yatsan da na yi wata bakwai ina bugewa, don a can an ce alamar rago ce.

Alhamis, 7 ga Maris
Gurbi ɗaya ya rage a ɓangarenmu duka. Makarantar 'ya'yan Yvette. Na sa hannu a takardu biyu yau.

Yvette burodin masara kawai ta kawo. Gara ta zage ni.

Litinin, 11 ga Maris
Ranar farko a D. Ta dawo da ƙafa ita da 'yan'uwanta, rana ba ta ko yi sanyi ba. Ta ci jan wake da shinkafa kwano biyu. Ban ce makarantar kirki ce ba, ban sani ba tukuna. Gobe zan je in zauna a bayan ajin in gani da idona, ko suna so ko ba sa so.

Na cire takardar firij. Maiƙo ta yi, ba wani abu ba.

Na tara yaran har da Yvette na faɗa: daga yau ba mai ambaton harafin makaranta a gidan nan. Kuma idan yarinya tana karatu a teburin nan, da yatsa ko ba yatsa, kowa zai rufe baki ya jira ta kai ƙarshen layi. Kowa. Har ni mai gidan.