Muryar mahaifiyarta tana cikin wayata, ban tura mata ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa, Allah Ya saka muku da alheri. Don Allah a ɓoye sunana. Ina kuma roƙon duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Zagin da zai yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema.

Ni dattijo ne, na haura sittin. A nan Madina aka haife ni, kakana ne ya zo aikin Hajji da ƙafa ya zauna. Sana'ata dillancin dabino. Ban gaji ko itace ɗaya ba, da kwali biyu na fara a gindin dutsen Uhudu ina tarar maziyarta, yau ni ke sayen amfanin gonaki a Ƙuba tun yana kan uwa in raba wa masu shaguna. Ba don alfahari na faɗi wannan ba, don ku san irin kan da ya yanke hukuncin da ya kawo ni nan. A sana'armu akwai abin da muke ce wa mausim, 'yan kwanakin da dabino ke nuna. In ya nuna ba ka wurin, shekarar ta wuce ka. Ban taɓa barin gona a mausim ba, ko don biki ko don zazzaɓi, kuma da wannan ɗabi'a na riƙe iyalina.

'Ya ɗaya Allah Ya bar mana. Zan ce mata Safiya, ba sunanta ba ne. Ta samu tallafin karatu zuwa wata ƙasa a Turai, tana digiri na uku a kan ƙwayar zarra. Da ni Larabci take yi, in na yi mata Hausa ta ba ni amsa da Larabci kamar sauran 'ya'yan zamani. Hausarta ta Innarta ce kaɗai. Da Hausa suke faɗa, da Hausa suke shiryawa, da Hausa suke gulmata ina zaune. Wata rana da ta zo hutu na ce ta gaya min abin da take yi a can da bakin da zan gane. Ta ɗauki dabino ta ci, ta nuna min ƙwallon. Ta ce, “Baba, ka ga farar fatar nan da ke manne a jikinsa? Muna yin wani ɗan falle na ƙarfe da bai kai ta kauri ba. Akwai wata na'ura a ƙarƙashin ƙasa, tsawonta ya fi layinmu, tana kora ƙwayoyi da gudu ta harbo su a kan fallen. In sun yi karo sai wata ƙwaya ta fito wadda ba ta kai ƙiftawar ido a duniya. Ita nake so in auna.” Ta ce abin da na'urar ke harbowa huzma ake ce masa. Na ce ni huzma a wurina damin kaya ce. Innarta ta leƙo daga kicin ta ce, “Shekara nawa kina harbin abin da ba ki taɓa gani ba? Maharbin ƙauye ma ya fi ki, shi yakan kawo zabo.” Muka yi ta dariya.

Abin da na riƙe a bayaninta shi ne na'urar ba tata ba ce. Masu bincike daga ƙasashe suna layi a kanta, kwamiti ke duba buƙatar kowa ya yanka masa kwanaki. Safiya ta yi shekara biyu da rabi tana jira, da hannunta ta harhaɗa ma'aunin da zai kama ƙwayar. Aka ba ta kwana tara. Bayan kwana taran za a rufe na'urar a shiga gyara na tsawon lokaci, tallafinta kuma saura 'yan watanni ya ƙare. Ranar da ta gaya min haka a waya na ce, “To, wannan ai mausim ɗinki ne.” Ta ce, “Wallahi Baba kai kaɗai ka gane.” Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda ya kamata. Ta gargaɗe mu cewa a wurin aikin waya ba ta kamawa, kada mu damu, ita za ta riƙa kiran wayata in ta fito, tunda ta Innarta ƙarama ce mai madannai.

Rana ta biyu da fara aikin, Hajiya matata, Innar Safiya, ta faɗi a tsakar gida bayan la'asar. Zuciya ce. Washegari likita ya ja ni gefe ya ce min cikin ladabin Larabawa, “Ya ammi, in akwai na nesa a kira shi.” Na gane sarai. Ni ba yaro ba ne, na san me wannan magana take nufi. Amma ina tsaye a barandar asibitin kaina ya fara aikin da ya saba. Na ce likita ai ba Allah ba ne. Na ce saura kwana shida, Hajiya mace ce mai ƙarfi, za ta kai. Na ce in yarinyar nan ta taso yau, shekara biyar ɗin karatunta sun zube, kuma in Hajiya ta warke ita ce ta farko da za ta ce min me ya sa na tayar da ita. Na ce ko ta zo me za ta iya, allura za ta yi mata? Har na ce a raina, Allah Ya gafarta min, ko abin ya faru ai mata ba sa shiga maƙabartar Baƙi'a. Kun ga irin tunanin? Kowace hujja a tsaye take, kamar yadda nake tsayar da hujja in zan sayi gona. Ban tambayi kowa ba. Na yanke ni kaɗai.

Hajiya ta ce in kira mata 'yarta. Na ce tana ƙarƙashin ƙasa, ba ta samuwa, amma ta yi magana in ɗauka in tura mata. Na kara mata wayar a baki. Saƙon farko da wasa ta yi shi. Ta ce, “Ke mai harbin iska, ki bar musu ƙarfensu ki zo ki dama min kunu, abincin asibitin nan ko gishiri babu.” Ta tambaye ni, “Ya tafi?” Na ce ya tafi. Bai tafi ba. Ƙanwar Hajiya, wadda Safiya ke kira Hala Rabi, ita ke jinya tare da ni. Ita ma na ce mata na sanar da Safiya, tana neman wanda zai riƙe mata aikin, kada a dame ta da kira. Da Safiya ta kira kuwa na fita waje na amsa. Muryarta cike da murna, wai huzma ta zauna daram, sun fara ganin alamar abin da suke nema. Ta ce, “Ina Inna?” Na ce ta tafi Harami salla. Washegari na ce tana barci. Rana ta gaba na ce mura ta shaƙe mata murya. Ta ce, “Ka ce mata maharbi ya kusa kawo zabo.” Na ce zan gaya mata. Shi ma ban gaya mata ba, don in na faɗa za ta gane 'yarta ba ta san komai ba.

Saƙo na biyu babu wasa a ciki. Ta gaya mata inda ta ajiye 'yan kunnenta na aure, ta ce ta riƙa kula da cin abincina don ni ba na tunawa. Na uku ta yi shi ne da hantsi, rana ta bakwai, numfashi yana yanke mata magana. Ta ce, “Babanki ya ce kina shirin tasowa. Na san aiki ne ya riƙe ki. In kin iso ba ki same ni ba, kada ki sa wa ranki komai, na yafe miki jinkirin.” Jama'a, ta yafe mata laifin da ba ta yi ba. Ni ne na yi laifin, ina tsaye riƙe da wayar, kuma ban buɗe baki ba. Me ya hana ni a lokacin in ce, Hajiya, ƙarya na yi miki? Me ya hana ni in fita in kira ofishin wurin aikin in ce a fito min da 'yata? Ina da lambar. Abin da na ce a raina shi ne saura kwana biyu.

Ba ta kai ba. Rana ta takwas da safe ta cika. Aka yi mata salla a Harami bayan la'asar, na shiga Baƙi'a da ita na fito ni kaɗai. A ranar na kira ofishin da na ƙi kira, cikin minti goma suka haɗa ni da Safiya. Minti goma kacal. Na ce mata Innarta ta faɗi jiya, yau Allah Ya karɓi abarSa, abin ya zo farat ɗaya. Ta bar kwana ɗayan da ya rage wa abokan aikinta ta hau jirgi. Daga baya ta gaya min su suka ƙarasa, kuma sun ce da ta tafi tun farko ma da sun riƙe mata, don haka suke yi wa juna, kowa ya san aikin kowa. Ban san haka ba. Ban tambaya ba. Na ɗauka na'urarsu kamar gonata ce, in mai ita ya juya baya shi ke nan.

Kwana huɗu ta yi a gida. A zaman makoki ba wanda ke lissafa wa wani kwanakin asibiti, ni kuma na riga na ja Rabi gefe na ce kada ta tayar mata da maganar, yarinyar tana cikin ciwo. Rabi ba ta tayar ba, amma har yau ba ta amsa gaisuwar Safiya da sakin fuska. A wurinta 'ya ce da aka gaya wa uwarta na kwance ta zaɓi ƙarfe. Safiya tana tambayata, “Baba, me na yi wa Hala?” Ina ce mata baƙin ciki ne, ta yi mata uzuri. Wato na raba ta da uwarta, na kuma raba ta da wadda ta fi kama da uwarta a duniya.

Wata takwas ke nan. Aikin ya yi kyau, ta auna ƙwayar, ta kare digirinta, a shafin farko ta rubuta sunan Innarta. Makon jiya ta kira ni tana kuka. Ta ce abin da ke kwantar mata da hankali shi ne Inna ba ta sha wahala ba, ba ta kwanta tana nemanta ba. Sannan ta juya harshe, karo na farko a rayuwarta ta yi min Hausa. Ta ce, “Baba, muryar Inna tana ɓace min. Wayarta ba ta ɗaukar sauti, ni kuma kullum kira muke yi, ban taɓa ajiye komai ba. Ba ka da ita a wani wuri? Ko tari ne, ko kiran sunana.” Na ce zan duba.

Ina da ita. Sau uku. Ita ce kaɗai muryar Hajiya da ta rage a duniya, kuma da sunan Safiya aka yi ta, ba tawa ba ce. Amana ce aka ba ni in kai. Amma kowane saƙo yana ɗauke da ranarsa a jiki, ko na farkon mai wasa yana maganar asibiti. In ta ji, za ta san kwana shida Innarta ta yi tana kallon ƙofa. Za ta san a ranar da take min murnar huzma, uwarta tana bayan bango ɗaya da ni. Ina tsoron ta tsani aikin da ta ba wa ƙuruciyarta, ta kasa sake shiga wurin. Ina tsoron ta daina ce min Baba, kuma ba ni da kowa bayanta. In kuma na goge, na kashe muryar matata da hannuna, na bar 'yata da zargin da Rabi ke yi mata har abada. Na yi istigfari, na yi sadaka, na tsaya a bakin kabarin na faɗi gaskiya, amma wadda ke ƙasa ba ta amsawa, wadda ke raye kuma ban iya fuskantarta ba. Ni da na shekara arba'in ina gaya wa mutane gaskiyar kayansu a fuska, ko za su ji haushi, yau na kasa.

Ranar Alhamis jirginta zai sauka. Ɗabi'arta ce tun tana sakandare, da mun shiga mota sai ta miƙo hannu ta ce in ba ta wayata ta gyara min, ta share tarkace ta duba abin da na cika ta da shi. Wannan karon ta riga ta ce da kanta za ta bincika, wai ni ban iya nema ba.

In gaya mata kafin ta miƙo hannun? In kira Rabi ta zauna tare da mu, ko hakan zai ƙara mata nauyi? In bar ta ta gano da kanta a cikin mota ina tuƙi? Duk wanda ya taɓa rasa uwa yana nesa, don Allah ya gaya min wanne zai fi so a yi masa. Wayar tana gabana yanzu, saƙonnin uku suna nan, ban tura ba, ban goge ba.

Me zan yi?